Mashin a Ingila: takardun da zaka haɗa kafin ka hau, da yadda zaka ajiye shi in zaka gida

Duk wanda ya tashi a Kano ko Zariya ko Maraɗi ya san yadda muke da mashin, yaro ɗan shekara 12 ya iya jan Jincheng ɗin babansa har kasuwa ya dawo ba wanda ya tambaye shi lasisi, in ma an tare ka a hanya to akwai magana, ka ba da haƙuri ko ka kira wani babba ya sa baki. Toh wannan tunanin ka bar shi a filin jirgin Malam Aminu Kano. A Ingila yawanci ba ɗan sanda ne ke fara ganinka ba, kyamara ce ke karanta lambar mashin ɗinka, ta duba a kwamfuta ko yana da inshora, ko an biya masa haraji, ko takardar lafiyarsa bata ƙare ba, kai dai kawai sai kaga wasiƙa ta faɗo ta ƙofa. Kyamara kuwa bata jin "don Allah ranka ya daɗe".

Ni dai na fara hawa ne saboda aikin dare, bas ɗin ƙarshe yana wuce ni kuma kuɗin tasi yana neman cinye rabin abin da na samu. Abin da zan jero nan ya shafi Ingila da Sikotland da Wels, Arewacin Ayalan hukumarsu daban ce kuma tsarinsu ya ɗan bambanta.

Abu ɗaya da nake so ka riƙe: takardun kashi biyu ne, akwai naka kai mahayi akwai na mashin. Mutanenmu da yawa suna farawa daga ƙarshe, su ga mashin ƙirar Honda PCX mai arha a Facebook su biya, sannan su fara tambayar "to yanzu me ake yi?" Fara da naka tukuna.

Mataki na farko: lasisin da ka zo da shi daga gida

Doka ta yarda ka yi amfani da cikakken lasisin ƙasarka na tsawon wata 12 daga ranar da ka zama mazauni, amma fa abin hawan da ke rubuce a jikin lasisin kawai. Nan ne ake faɗawa rami. Lasisin Najeriya da yawancinmu ke riƙe da shi ajin B ne, wato ƙaramar mota, na mashin ajin A ne, kuma tsakani da Allah mutum nawa ka sani da suka taɓa zuwa suka yanki ajin A? In naka B ne to mota kawai ya baka, bai baka mashin ba ko da kuwa ka shekara 20 kana acaɓa.

Sannan ko da ajin A ɗin gare ka, wata 12 na cika magana ta ƙare. Najeriya da Nijar da Gana duk basa cikin ƙasashen da ake musanya lasisinsu da na Birtaniya kai tsaye, 'yan Afirka ta Kudu da Zimbabuwe ne ke da wannan gatan. Mu sai mun bi layi daga farko kamar ɗan koyo. Shawarata kar ka jira sai watan ya zo ƙarewa, ka fara neman nasu tun da wuri.

Mataki na biyu: lasisin koyo

Wannan hukumar DVLA ce ke bayarwa, ita ce ke kula da lasisi da rajistar ababen hawa, ofishinta na Swansea. A shafin gwamnati na gov.uk ake nema, fam 34 ne ta intanet, ta gidan waya fam 43. Ka kula sosai, akwai shafukan da ke kwaikwayon na gwamnati su caje ka ninki biyu wai sun taya ka cikewa, in adireshin bai ƙare da gov.uk ba ka fita. Zasu nemi shaidar ko kai waye da shaidar izinin zamanka, yanzu da aka koma eVisa, wato izinin zama na intanet, lamba ce zaka ciro daga asusunka ka basu, da adireshin inda ka zauna a shekaru 3 da suka wuce, kuma sai izinin zamanka ya kai aƙalla kwana 185. Katin kore ne, ta gidan waya zai zo. In gidan haya ne na mutane da yawa ka sa ido, wasiƙu na ɓata a irin gidajen nan.

Mataki na uku: CBT

Lasisin koyo shi kaɗai bai baka damar hawa titi ba sai ka yi horon da ake kira CBT. Yini guda ne a makarantar koyon mashin da gwamnati ta amince da ita, kuɗin ya danganta da gari da makaranta amma ka tanadi fam 100 da wani abu zuwa wajen 200, kuma yawanci da mashin ɗinsu da hular kwanonsu zaka yi. Da safe zasu gwada idonka, ka karanta lambar mota daga nisan mita 20, in kana sa tabarau ka tafi da shi don in ka kasa nan take za a sallame ka. Daga nan bayani, sai atisaye a fili tsakanin robobi, sai bayanin titi, sannan a fita kan titi na aƙalla awa 2 malami na biye da ku yana magana ta rediyo a kunnenku, ɗalibai biyu kacal ga malami ɗaya.

Wai ba jarrabawa ba ce, ba ci ba faɗuwa, amma in malamin bai gamsu da kai ba ba zai sa hannu ba, sai ka dawo wata rana. Kuma abin mamaki waɗanda suka iya mashin tun gida su suka fi shan faɗa. Ni kaina ranar nawa sai da malamin ya tsayar da ni sau biyu, ba don ban iya riƙe mashin ba, a'a, wai bana waiwayawa in duba kafaɗata kafin in juya, na saba da leƙa madubi da danna hon kawai. Nan hon kusan zagi ne. Ga hannun tuƙi na hagu, ga randabawul da ake zagayawa ta ɗaya ɓangaren kana ba wanda ke zuwa daga damanka hanya, ga gudu da ake lissafawa da mil ba kilomita ba, cikin gari mil 30 ne, a Wels da unguwannin Landan da yawa 20. Ka sauke manhajar dokokin hanyarsu ka karanta kafin ranar, ka ajiye girman kai ka je a matsayin wanda bai taɓa hawa ba.

In ka gama za a baka takarda mai suna DL196, tana aiki shekara 2. Da ita in ka kai shekara 17 zaka hau mashin da bai wuce 125cc ba kuma ƙarfinsa bai wuce kilowat 11 ba. Sharuɗɗan uku ne: alamar L ja a gaba da baya, ba goyo, ba hawa babbar hanyar nan mai allo shuɗi irin su M1 da M6. Ba goyo fa ko matarka ce, ko sallar Juma'a ce kuka makara. Rashin alamar L ko yanke ta ta zama 'yar ƙarama don gayu na iya ja maka makin laifi har 6 a lasisi, hawa ba CBT kuma tara har fam 1,000 da maki har 6.

Shekara 2 na cika ko dai ka sake biyan CBT ko ka yi cikakkiyar jarrabawa. Akwai waɗanda ke ta maimaita CBT shekara da shekaru, ni a ganina asara ce. Jarrabawar tiyori fam 23, ta fili da suke kira Modul 1 fam 15.50, ta titi Modul 2 fam 75 a ranakun aiki. Abin da ke cin kuɗi shi ne darasi da hayar mashin ɗin makaranta. Ajin A1 na 125cc ne daga shekara 17, A2 daga shekara 19 har kilowat 35, cikakken A kuma daga shekara 24 kai tsaye. In ka haura 24 ka daure ka tafi A ɗin gaba ɗaya ka huta, ka cire L ka goya wanda ka ga dama.

Mataki na huɗu: sayen mashin

Yanzu ne lokacin shiga shafukan saye da sayarwa irin su Auto Trader da eBay da Gumtree da Facebook. Su Boxer da roba-roba ka manta da su, nan Honda PCX, Yamaha NMAX, Honda CB125F, sai masu arha irin su Lexmoto.

Takardar mashin ita ce V5C, ja-ja ce, DVLA ke bayarwa, tana nuna wanda mashin ke hannunsa a rajista. Mashin da ba V5C kar ka saya komai arharsa, "ta ɓata zan aiko maka" tsohon zance ne, sake ta fam 25 ne kacal, in da gaske yake ya sake ta kafin ya sa a kasuwa. Satar mashin ta yi yawa a ƙasar nan, in ka sayi na sata 'yan sanda zasu ƙwace, kuɗinka ya bi ruwa, ga tambayoyi.

Kafin ka bar gida ka karɓi lambar mashin ka sa a gov.uk, kyauta zaka ga ko harajinsa na aiki da tarihin gwajin lafiyarsa da ake kira MOT har da yawan mil da aka rubuta duk shekara. In bara an rubuta mil 18,000 yau kuma agogo na nuna 9,000 ka san an taɓa. Sannan ka biya 'yan fam-fam a yi maka binciken da ake kira HPI, zai nuna ko na sata ne, ko akwai bashin kamfani a kansa, ko inshora ta taɓa yanke masa hukuncin ya lalace. In kaga Cat N ko Cat S an taɓa haɗari da shi an gyara, ana iya hawa amma farashi ya sauka, Cat A da Cat B kuwa basa komawa titi har abada.

Ka je gidan mai shi, adireshin da ke jikin V5C, ba bayan wani shago ko tashar mai ba. Ka durƙusa ka duba lambar jikin firam ka haɗa da ta takarda harafi-harafi. Ka taɓa injin ka ji ko an riga an ɗumama shi kafin ka iso. Ka biya ta banki don ya zama da shaida, ku rubuta 'yar takardar ciniki ku sa hannu. Shi zai sanar da DVLA ta intanet cewa ya sayar maka, ka sa ya yi a gabanka, ya yago maka koren ɓangaren nan na sabon mai shi ka riƙe, sabuwar V5C da sunanka zata biyo baya.

Masu tunanin turo nasu daga gida ta jirgin ruwa, sai ka sanar da hukumar haraji ta HMRC cikin kwana 14 da isowarsa, ga kuɗin fito, ga gwajin amincewa, ga rajista fam 55, kafin ka gama kuɗin ya sayi biyu a nan.

Mataki na biyar: inshora, kuma nan ne zan daɗe

Kafin tayar ta taɓa titi, ko daga gidan mai sayarwa zuwa naka ne, sai da inshora da sunanka. A gida mun saba inshora wata takarda ce da ake haɗo maka cikin "fatikulas" baka ma san kamfanin ba. Nan ba haka ba ne, tana cikin rumbun bayanai na ƙasa, ɗan sanda na gani daga cikin motarsa. In aka kama ka babu, tarar fam 300 da maki 6 nan take, a ɗauke mashin a kai ma'ajiya, ka biya kuɗin ɗauka da na kwanan kowace rana, in baka je ka karɓa ba cikin sati biyu a sayar ko a murƙushe. In ta kai kotu tarar bata da iyaka kuma ana iya hana ka tuƙi. Maki 6 ɗin nan kuma suna bin ka, don sabon direba in ya tara 6 cikin shekara 2 na farko bayan cin jarrabawa ƙwace lasisin ake yi, ga shi fom ɗin sabunta biza yana tambaya ko an taɓa hukunta ka kan laifin tuƙi.

Inshorar iri uku ce: wadda ke biyan wanda ka yi wa ɓarna kawai, wadda ta ƙara da gobara da sata, sai cikakkiya. Ka gwada duka a shafukan kwatanta farashi, wani lokacin cikakkiyar ma tafi arha, ban san dalilin lissafinsu ba amma haka na gani a nawa. Abin da yafi muhimmanci shi ne ka faɗi gaskiya. Ina mashin ke kwana, titi ko gareji? Yaushe ka shigo ƙasar? Yawo kawai zaka yi ko har da zuwa aiki? Domin zuwa aiki sai ka zaɓe shi daban. Wasu na sa adireshin ɗan'uwansu na ƙauye don ta yi sauƙi alhali mashin na kwana a tsakiyar Birmingham, ranar da aka sace kamfani ya bincika ya soke inshorar, ba ko sisi, kuma daga ranar duk inda ka je neman wata sai an tambaye ka ko an taɓa soke maka.

Sai 'yan damfara. Zaka ga wani a guruf ɗin WhatsApp yana cewa yana da hanya, inshorar fam 1,200 zai yi maka a 400. Ko dai takardar jabu zai buga maka, ko ya saya da bayanan ƙarya, ko ya saya da gaske ya turo maka hoto sannan ya soke ya karɓe kuɗin. Baƙi irinmu suka fi nema, wani ma da Hausa zai maka magana har da salati. Bayan kwana biyu-uku da sayen inshora ka shiga shafin duba inshorar abin hawa, askMID, ka sa lambar mashin ɗinka ka tabbatar ta hau.

Masu son aikin kai abinci, inshorar yau da kullum bata rufe ku ba ko kaɗan, akwai ta musamman ta ɗaukar kaya don kuɗi, kamfanoni irin su Zego na yi. Kuma ɗalibai ku ji da kyau: bizar karatu ta yarda da aikin awa 20 a sati lokacin zango amma ta hana aikin zaman kai, su kuma masu kai abinci na Deliveroo da Uber Eats a matsayin masu zaman kansu suke. Hayar asusun wani ma ba mafita ba ce, ana tare mahaya ana dubawa, manhajojin kuma na neman hoton fuska. Kar ka zubar da digirin da aka sayar da gona aka biya saboda kuɗin kai abinci.

Haraji da MOT

Waɗannan basu da wahala. Harajin hanya na mashin ɗin da bai wuce 150cc ba bai kai fam 30 a shekara ba, ta intanet zaka biya da lamba mai 12 da ke jikin koren ɓangaren nan. Tun Oktoban 2014 haraji baya bin mashin zuwa sabon mai shi, don haka ko mai sayarwa ya ce maka saura wata 8, da an canza suna ya mutu, ka biya naka a tsaye a ƙofar gidansa. MOT kuma gwajin lafiya ne na duk shekara da zarar mashin ya cika shekara 3, kuɗinsa ba ya wuce fam 29.65, su duba birki da fitilu da hon da salansa da taya, zanen taya kar ya gaza milimita 1. Hawa ba MOT tara ce har fam 1,000.

Hular kwano dole ce, mai tambarin ECE 22.05 ko 22.06, mabiya addinin Sikh masu rawani kawai aka ɗauke wa, hularka ta zanna bukar ka sa a aljihu sai ka sauka. Kar ka sayi kwano na hannu. In a Landan kake, mashin da ya gaza ma'aunin hayaƙi na Euro 3, galibi na kafin 2007 ke nan, zai biya fam 12.50 duk ranar da ya motsa saboda tsarin cajin hayaƙi da ake kira ULEZ. In ka tashi daga gida kuma ka canza adireshi a lasisi da V5C da inshora duka uku, kyauta ne a DVLA, rashin yi tara har fam 1,000, kuma wasiƙun tara zasu yi ta zuwa tsohon gida suna ninkuwa baka sani ba.

Ajiya: kullum, da kuma in zaka tafi gida

Makullin kan mashin shi kaɗai wasa ne, da ƙafa suke karya shi, wasu ma ɗauka suke su jefa cikin motar ɗaukar kaya. Ka sa makullin faranti a tayar gaba, sarƙa mai kauri a tayar baya ka ɗaure da wani abu da ke kafe a ƙasa, sarƙar kar ta kwanta a ƙasa don sun fi samun sauƙin fasa ta, sannan ka lulluɓe shi da tampol. In ka faɗa wa inshora kana sa sarƙa to ka riƙa sawa kullum.

Yanzu ga inda mutanenmu ke ruftawa ba tare da sun hau ko'ina ba. Zaka tafi gida azumi da sallah ko biki, wata 3 ko 4, sai ka ce tunda ba hawa zan yi ba bari in soke inshora. Doka a nan ta ce duk abin hawan da ke da rajista dole ya kasance da inshora ko yana tsaye, sai dai in ka sanar cewa ka cire shi daga titi. Wannan sanarwar ita ce SORN, kyauta ce, minti biyar a gov.uk da lamba mai 11 ta jikin V5C, har su dawo maka da kuɗin cikakkun watannin harajin da suka rage. In baka yi ba wasiƙar gargaɗi zata zo, sai tarar fam 100, in aka yi shiru a tafi kotu har fam 1,000, kai kana can Kano kana cin dambu.

Amma sharaɗin SORN shi ne mashin ya bar titin gwamnati gaba ɗaya, ya shiga gareji ko tsakar gida ko filin wani da ya yarda maka. Gefen titi a ƙofar gidanka titi ne. In baka da wuri to ka bar inshora da haraji suna tafiya, ka tabbatar akwai kuɗi a asusun da ake cira duk wata. Ni ko na yi SORN bana sokewa gaba ɗaya, ina komawa 'yar ƙaramar inshorar ajiya ta gobara da sata. Kuma kar ka bar wa aboki makulli "ya riƙa ɗumamawa", in ya fita da shi titi alhali yana SORN tarar na iya kai fam 2,500, ga laifin ba wa marar inshora abin hawa wanda kai ma maki zai hau kanka.

Kafin ka rufe shi ka wanke shi tas musamman in lokacin sanyi ne, gishirin da suke watsawa a titi saboda ƙanƙara cin ƙarfe yake kamar gara, ya bushe, ka shafa wa cen mai, ka ƙara wa tayoyi iska, ka ɗora shi a kan tsayuwar tsakiya, ka cika tanki ka zuba maganin hana fetur lalacewa, batir kuma ko ka cire ka shigar ɗaki ko ka jona shi da 'yar cajar nan mai ba shi wuta kaɗan-kaɗan. In ka dawo ka fara da inshora, sai ka duba MOT, in ya ƙare kana can ka kira gareji su baka rana da lokaci tukuna, don tafiya zuwa gwajin da aka riga aka sa maka rana ita kaɗai aka yarda ka yi da shi a haka, kai tsaye ba biyawa shagon halal sayen nama. Ya ci gwajin sai ka biya haraji a wayarka, SORN ɗin ya faɗi da kansa. Ka duba ranar da ke jikin DL196 ɗinka ma kafin ka murɗa makulli, nawa saura kwana 9 ya ƙare lokacin da na dawo daga sallar bara.